Idan Baki Ya Kasa Faɗa: Amsoshin Tambayoyinku Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan karon abu ɗaya suke kewayawa. Mutum yana cikin damuwa, an ce masa ya je ya zauna da masanin halayyar ɗan Adam su tattauna, shi kuwa ko dai bai samu masanin ba, ko ya je bakinsa ya ƙi buɗuwa. Tattaunawa magani ce mai inganci, ba ma raina ta. Sai dai akwai wasu hanyoyin da aka gwada aka ga amfaninsu, kuma kowacce tana da ma'auni da lokaci kamar yadda ƙwayar magani take da su. Inda aka fi samun cikas shi ne a taɓa su sama-sama kwana uku, a ce ba su yi ba.

Tambaya: Shekarata 34. Wata uku ke nan komai ya fita raina. Da ƙyar nake zuwa aiki, in na dawo sai kwanciya, wayar abokai ma na daina ɗagawa. Sau biyu na je wurin mai ba da shawara, amma ji nake kamar tuhumata ake yi, ban iya cewa komai. Akwai abin da zan yi wanda ba sai na yi ta magana ba? — Wani ma'aikaci

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Amma kafin komai ka je asibiti a ɗebi jininka. Ƙarancin jini, ciwon suga, ƙarancin bitamin B12 da raunin aikin tayirod, wato ƙullutun nan da ke gaban wuya, duk suna kawo kasala da mutuwar jiki mai kama da ciwon damuwa, kuma motsa jiki kaɗai ba zai gyara su ba.

In gwaji ya fito lafiya, abin da muka fi so maka shi ne hanyar komawa cikin harkoki da tsari. Ciwon damuwa yana sa mutum ya janye, janyewar ta yanke shi daga duk abin da yake faranta masa rai, rashin farin cikin ya ƙara janye shi. Mai ciwon yakan zauna jiran sha'awa ta dawo kafin ya tashi, alhali a wannan ciwo sha'awa a bayan aiki take zuwa. A 2016 mujallar Lancet ta wallafa wani babban gwaji da aka yi a Ingila, wanda ya nuna wannan hanya ta yi kafaɗa da kafaɗa da fitacciyar tattaunawar gyaran tunani wajen rage ciwon damuwa ga manya. A gwajin, ƙananan ma'aikatan lafiya ne suke bibiyar marasa lafiyar, saboda haka kai ma ka samu mutum ɗaya da ka yarda da shi, ya riƙa duba takardarka sau ɗaya a mako. Ba sai ka buɗe masa cikinka ba, takardar kawai zai gani.

Makon farko kada ka canza komai. Ka raba takarda gida huɗu, safe, rana, yamma da dare, ka rubuta abin da ka yi a kowane gida, ka ba yanayin ranka maki daga 0 zuwa 10. Bayan kwana bakwai ka duba. Da wuya makin ya zama iri ɗaya ko'ina. Za ka iya ganin 2 a yammacin da ka kwanta da waya a hannu, ka ga 4 ranar da dole ta sa ka raka wani unguwa. Wannan ɗan bambancin shi ne jarinka.

Mako na biyu ka zaɓi abu uku: ɗaya da ka saba jin daɗinsa a da, ɗaya aikin da ya daɗe yana jiranka, ɗaya kuma wanda zai haɗa ka da mutum. Ka sa wa kowanne rana da lokaci, ka kuma ƙanƙanta shi. "Zan gyara ɗaki" ya yi girma. Ka rubuta: "Talata ƙarfe 5, zan ninke kayan da ke kan kujera, minti 10." In lokacin ya yi ka tashi ka yi, ko ranka yana so ko ba ya so. Abu biyu ne suke rusa wannan tsari. Na farko, ranar da mutum ya ɗan ji ƙarfi sai ya kwashi aikin mako guda ya yi, washegari ya kasa tashi, ya ɗauka ciwon ne ya dawo. Na biyu, ya yi abu sau ɗaya bai ji daɗinsa ba ya soke shi. Jin daɗi yana jinkirin dawowa, ka ba kowane aiki sau huɗu ko biyar kafin ka yanke masa hukunci.

Ka haɗa da tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu. Kai ka fara da minti 10 a rana, ka riƙa ƙara minti 5 duk mako har ka kai minti 30 sau biyar a mako. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. In son samu ne da safe a waje, domin hasken safiya yana saita agogon barci. In ka ji ciwon ƙirji ko jiri ka tsaya ka ga likita.

Ka ci gaba da ba kanka maki. In an yi mako shida makin bai motsa ba, ko aikinka ya fara salwanta, ko abinci ya ƙi ciyuwa, ka koma wurin likita a yi maganar magani.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Haka kawai sai zuciyata ta hau bugawa, in ji kamar numfashina zai ɗauke. An ce in riƙa jan dogon numfashi, amma in na yi sai jiri ya ƙaru, yatsuna su yi ta zugi kamar ana tsira mini allura. Yanzu har tsoron shiga aji nake yi. — Wata ɗaliba

Amsa: 'Yar'uwa, shawarar da aka ba ki rabinta aka faɗa. Lokacin firgici iska ba ta yi miki kaɗan ba, yawa ma ta yi. Kina numfashi da sauri, kina fitar da iskar kabon fiye da kima, in ta ragu a jini sai jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke. Daga nan jirin yake, da zugin yatsu da na gefen baki. Duk lokacin da kika ƙara zuƙar iska da ƙarfi, ƙara wa wutar itace kike yi.

Abin da ake so shi ne numfashi ƙarami, a hankali, mai doguwar fitarwa. Ki zauna, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, hannun cikin ya ɗaga, na ƙirjin ya kusa tsayawa cik. Ki fitar ta baki kina ƙirga shida, leɓɓa a tsuke kamar mai hura abu mai zafi. Wannan zai ba ki numfashi kamar shida a minti ɗaya. In huɗu da shida sun yi miki tsawo, ki fara da uku da huɗu. Ki yi minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana, a lokacin da hankalinki yake kwance, har mako biyu ko uku. Wanda ya bari sai firgici ya taso sannan ya gwada a karon farko, ba zai iya ba. Kada kuma ki yi numfashi a cikin leda ko jakar takarda, domin in asma ce ko matsalar zuciya, haɗari ne.

Da dare ki ƙara da sassauta tsoka, hanyar da wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, ya tsara tun wajen 1920 zuwa 1930. Ki dunƙule hannu da matsakaicin ƙarfi daƙiƙa 5, ki saki daƙiƙa 15, ki lura da bambancin. Haka za ki bi damtse, kafaɗu, fuska, ciki, cinya, har tafin ƙafa. Minti 15 ya isa.

Maganar aji ita ta fi damun mu. Firgici yakan kai ƙololuwa cikin minti 10 sannan ya sauka da kansa. Duk ranar da kika fice da gudu, ƙwaƙwalwa tana rubuta cewa ficewar ce ta cece ki, tsoron ya ƙara kafuwa. Ki koma mataki-mataki: ki zauna kusa da ƙofa minti 15, ki maimaita har tsoron ya ragu da rabi, sannan ki matsa ciki, sannan ki zauna darasi cikakke. Ki rage kofi da abin sha mai ƙara kuzari sannu a hankali. Sau ɗaya kuma a auna zuciyarki da tayirod, ki gaya wa likita in kina shaƙar maganin asma, domin wasunsu suna sa bugun zuciya.

Tambaya: Shekarata 58. Nakan kwanta ƙarfe 9 amma sai in kai ƙarfe 1 ido biyu, tunani iri-iri. Wata huɗu ke nan ina shan diazepam da wani aboki ya ba ni. Da farko ya yi aiki, yanzu ko biyu na sha ba ya yi. Ina so in watsar da shi. — Wani magidanci

Amsa: Baba, don Allah kada ka watsar da shi dare ɗaya. Wannan rukunin magani mako 2 zuwa 4 aka yarda a sha shi. Bayan wata huɗu jiki ya saba, kuma yanke shi farat ɗaya yana iya kawo makyarkyata, matsananciyar fargaba, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka kai kwalin wurin likita ka faɗi ainihin adadin da kake sha. Ana rage shi ne kaɗan-kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk mako ɗaya ko biyu, kuma a shekarunka barinsa yana rage haɗarin faɗuwa da mantuwa.

Shi kuwa barcin, maganin da ya fi ɗorewa ba ƙwaya ba ce. Ka yi mako biyu kana rubuta lokacin da ka kwanta, lokacin da kake jin barci ya ɗauke ka, da lokacin da ka tashi. A ce lissafi ya nuna kana awa 9 a gado amma barcin awa 5 da rabi ne. Sauran awa 3 da rabi ɗin juye-juye ne da tunani, kuma su ne suka koya wa ƙwaƙwalwarka cewa gado wurin damuwa ne.

Gyaran shi ne a matse lokacin gado ya kusanci lokacin barci. Ka tsayar da lokacin tashi guda, a ce ƙarfe 6, kullum, ko da daren bai yi kyau ba. Ka riƙa jinkirta kwanciya da minti 30 duk mako: 9 da rabi, 10, har wajen 12 in ta kama. Ba a saukowa ƙasa da awa 5 a gado. In ka ga kana barcin kashi 85 cikin 100 na lokacin da kake kwance har mako guda, ka ƙara wa kanka minti 15. In ka kwanta barci bai zo ba cikin kimanin minti 20, ka tashi ka koma wani wuri mai ƙarancin haske, ka yi abu mai sanyi, ka dawo sai ido ya yi nauyi. Ka juya fuskar agogo bango. Tunanin da ke damunka ka ware masa minti 15 da yamma, ka rubuta kowace matsala da mataki ɗaya da za ka ɗauka gobe, ka rufe littafin.

Makon farko da na biyu za ka ji gyangyaɗi da rana, a nan ne yawancin mutane suke sarewa. Ka daure, ka guji barcin rana mai tsawo, ka kuma yi hattara da tuƙi. Mai farfaɗiya da mai ciwon da ke sa rai ya yi sama ya yi ƙasa kada su matse barci sai da likita. In iyalinka sun ce kana munshari mai ƙarfi, numfashinka yana ɗaukewa, ka faɗa wa likita, domin wannan ciwo ne daban, kuma diazepam ƙara shi yake yi.

Tambaya: Likita ya rubuta mini sertraline, maganin ciwon damuwa. Kwana goma ina sha, tashin zuciya kawai nake ji. Wata ƙawata ta ce in bari in koma wani ganye da ake kira St John's wort tunda ba na Bature ba ne. — Wata matar aure

Amsa: Malama, kwana goma bai isa a auna wannan magani ba. Illolinsa su ke fara sallama: tashin zuciya, ciwon kai, ɗan rashin natsuwa, kuma sukan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ki sha shi bayan kin ci abinci. Amfanin yakan fara bayyana mako 2 zuwa 4. In an cika mako huɗu babu ko alama, ki koma a ƙara ma'auni ko a canza wani, domin wanda bai karɓi wannan ba yakan karɓi wancan. In kin warke ki ci gaba da sha aƙalla wata shida, sannan a janye shi a hankali. Masu dainawa ranar da suka ji sauƙi su ne ciwon ya fi dawo wa. In ya taɓa sha'awarki ta aure, ki faɗa, abu ne sananne kuma akwai dabara.

Ganyen da ƙawarki ta ambata yana da ƙarfi, shi ya sa yake da haɗari. Yana rage aikin ƙwayar tazarar haihuwa, da maganin tsinka jini na warfarin, da wasu magungunan ƙanjamau da na farfaɗiya. In aka haɗa shi da sertraline yana iya jawo zazzaɓi, gumi, makyarkyata da ruɗewa. Tramadol ma haka yake yi in an haɗa. Ki gaya wa likita in kina da ciki ko kina shirin ɗauka, ko in kin taɓa yin kwanaki ba barci kina jin ƙarfi da yawan surutu da kashe kuɗi ba lissafi, domin mai irin wannan halin magani daban yake buƙata.

Wanda ya gwada magunguna ba su yi ba, akwai na'urar maganaɗisu da ake ɗorawa a kai, wadda Amurka ta amince da ita tun 2008. Ana yi kwana biyar a mako har mako 4 zuwa 6, mutum yana zaune idonsa biyu.

Tambaya: Bara na yi haɗarin mota, wanda ke gefena ya rasu. Har yanzu ina mafarkinsa, ƙarar birki tana razana ni. Ba na son in ba kowa labarin. Na ji ana maganar rubutu da kuma zaman natsuwa. Wanne zan yi? — Wani direba

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Abin da ka kwatanta, tunda ya haura wata guda yana kuma hana ka sakat, ciwon razana ne da ke biyo bayan bala'i, kuma yana warkewa. Ka nemi ƙwararren da ya iya EMDR, wata hanyar magani da ake yi da motsa ido. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Francine Shapiro, ce ta fara ta a 1987, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin hanyoyin da ta amince da su a 2013. Za ka riƙe hoton abin a zuciyarka, kana bin yatsan likita da ido hagu da dama na 'yan daƙiƙoƙi, ku tsaya, ka faɗi a taƙaice abin da ka ji. Ba a buƙatar ka zayyana labarin dalla-dalla. Yawanci zama 8 zuwa 12 ne. Kada ka gwada da kanka daga bidiyo, domin zaman farko-farko na koya maka yadda za ka kwantar da kanka ne in abin ya taso.

Rubutu kuwa, tsarin da masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya fara gwadawa a 1986 shi ne minti 15 zuwa 20 a rana, kwana uku ko huɗu a jere, mutum ya rubuta abin da ya faru da abin da yake ji, ba don kowa ya karanta ba. Amfaninsa matsakaici ne, ya fi dacewa da ɓacin ran yau da kullum. A halinka ka bar shi sai da mai bibiyarka.

Zaman natsuwa, wato horar da hankali ya tsaya kan abin da ke faruwa yanzu, wani masani, Jon Kabat-Zinn, ne ya mayar da shi tsararren shiri a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, kuma yana taimakon masu fargaba. Sai dai rufe ido cikin shiru yakan buɗe wa hoton haɗari ƙofa. Kai ka yi ido buɗe, minti 3 kacal. In abin ya taso, ka danna ƙafafunka a ƙasa, ka ambaci abu biyar da kake gani a ɗakin da launinsu, ka faɗi ranar yau da babbar murya. Ka nisanci ƙwayar barci da duk abin sa maye, suna jinkirta warkewa.

Tambaya: Ƙanena ya ce ya gaji da rayuwa, ya ƙi zuwa wurin kowa. Zan iya sa shi motsa jiki da numfashin da kuke faɗa? — Wata yaya

Amsa: A'a, Yaya, wannan ya wuce nan. Ki zauna da shi yau, ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. In ya ce e, ki tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi da lokacin. Kada ki yi masa faɗa, kada ki yi masa gorin abin da yake da shi, kada kuma ki yi alkawarin rufa masa asiri. Ki saurara.

Ki kwashe magunguna, maganin ƙwari da na ɓera, igiya da makami daga inda hannunsa zai kai, domin tsananin wannan tunani yakan zo ya wuce cikin ɗan lokaci, kuma rashin abin a kusa yana ceton rai. In yana da tsari, ko ya taɓa gwadawa, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafarar mutane, ko ya natsu kwatsam bayan doguwar damuwa, kada a bar shi shi kaɗai, ku kai shi sashen gaggawa na asibiti a ranar. Haka ma in yana jin muryoyi ko ya daina ci da sha. In ya ƙi, ki kira wanda yake jin maganarsa ku raka shi tare, ki ce masa likita za ku gani saboda rashin barci da kasala, tunda su ma gaskiya ne.

Bayan an sallame shi, makonnin farko su ne mafi haɗari. Kafin ku bar asibiti ki karɓi ranar komawa cikin mako guda, maganinsa ya zauna a hannunki kina ba shi na kowace rana, ku kuma rubuta lambobin mutum biyu da zai kira in tunanin ya dawo masa da dare.